Shekarar da Inna Ta Sa Na Koma Awon Lita

Da sunan Allah nake ci gaba, Shi da ya ara mini kwanakin da zan zauna in rubuta muku wannan. Da ajami nake rubutawa kamar yadda na saba, wanda zai juya muku shi zuwa boko ya yi haƙuri da hannun tsoho.

A babin da ya wuce na tsaya a inda ubangidana ya sallame ni daga rumfarsa ta Mile 3 a Fatakwal, na dawo Inugu na kama rumfa tawa a Obiagu, na auri mahaifiyarku Asabe. Yanzu zan gaya muku dalilin da ya sa har yau tsofaffin unguwa suke kirana Malam Lita. Na ji abin da wasunku suke faɗa wa 'ya'yansu, wai na taɓa sayar da fetur a bakin titi. Ban taɓa ba. Man gyaɗa na sayar tun ina saurayi har ƙafafuna suka gaji, kuma kakarku Inna ce sanadin sunan nan, Allah ya jiƙanta.

A wancan lokacin man yana zuwar mini daga Ɗanbatta a cikin garewani, a bayan motocin da suke sauke shanu, ni kuma ina sayar wa matan gari kaɗan-kaɗan. Ma'aunin kasuwannin kudu kuwa kwalba ne. Manja da kwalba, kananzir da kwalba, man gyaɗa da kwalba. Kuma ba kowace kwalba ba, kwalbar giya ce, koriya ko ja, wadda aka shanye aka yar. Mace za ta zo ta ce a ba ta kwalba ɗaya, ka ɗora mazurari ka zuba har man ya kai wuya, ta ɗaga ta duba a hasken rana, ta biya ta tafi. Haka na tarar ana yi, haka ubangidana ya koya mini, shi da yake ba ya barin sahun farko a masallaci. Masu tsintar kwalabe suna kawo mana, mu jiƙa su da toka da sabulu, mu kankare takardar jikinsu, mu kife su a rana. Saboda rumfata ƙarama ce, a gida nake yin wannan aikin. Bayan ɗakinmu, kusa da randar ruwa, kullum akwai kwalabe a jere suna shanya, har idona ya daina ganinsu.

Ana nan sai Inna ta aiko cewa za ta zo ganin jikokinta. Ba ta taɓa tsallaka Kogin Binuwai ba. Ta iso da buhun garin gero, da kuka, da daddawa, da ƙullin kanwa, duk tsarabarmu. Muka yi murna, maƙwabta suka yi ta shigowa gaisuwa. Da ta huta ta nemi buta, Asabe ta nuna mata bayan ɗaki. Muna zaune muka ji shiru ya yi yawa. Na leƙa, na same ta tsaye riƙe da buta, ke kuma Rukayya, lokacin ba ki wuce cinyata ba, kina tsugune kina nuna wa kakarki kwalabe ɗaya bayan ɗaya kina faɗin sunan giyar da aka sha a kowace. Kin san su da siffa, kamar yadda yaran Ɗanbatta suke sanin awakin gidansu. Kina ta murna kina nuna gwaninta.

Inna ta juyo ta dube ni.

"Ɗanlami, waɗannan na mene ne?"

"Na awo ne, Inna. Da su ake auna mai a nan."

"Da me aka cika su kafin su zo hannunka?"

Na dubi kwalaben. Ta ce ai yarinyar nan ta riga ta ba ta amsa. Ta yi alwalarta a tsanake, ta yi salla. Na ɗauka magana ta wuce.

Da yamma Asabe ta kawo mata tuwon shinkafa da miyar agushi, har da ƙashi mai bargo. Inna ta buɗe kwano, ta yaba ƙamshi, ta sa albarka, ta mayar da murfi ta tura gefe.

"'Yar nan, ba da ke nake ba. Amma abincin da aka sayo da cinikin kwalaben nan ba zai shiga cikina ba. Ɗauko mini buhun gerona."

Haka ta karɓe tsarabar da ta kawo mana, gaba ɗaya, har kanwar. Ta nemi aron ƙaramar tukunya, ta kafa duwatsu uku a gefen tsakar gida, ta riƙa tsinto ƙirare da kanta tana tuƙa tuwonta ita kaɗai. Ta kuma gaya mini a fili cewa ranar da garin nan ya ƙare za ta bi motar shanu ta koma gida, don ba za ta zauna da yunwa ba, ba kuma za ta ci abin da ranta bai kwanta da shi ba. Ku da kuka san ta kun san ba ta ɗaga murya. Tana murmushi ta faɗa. Ni kuwa na san in Inna ta bar gidana ba ta ɗanɗana abincina ba, ba ni da sauran fuskar da zan shiga Ɗanbatta, kuma ko ba don mutane ba, ban san yadda zan kwana da wannan ba.

Da farko na nemi hanya mai sauƙi. Na je wajen limamin masallacinmu, mutum mai ilimi da sanyin hali, na kwashe labari na gaya masa. Ya ce kwalbar da aka wanke har wari da ɗanɗano suka fita ta tsarkaka, man halal ne, cinikin halal ne. Na roƙe shi ya zo ya faɗa wa Inna da bakinsa. Ya zo, aka shimfiɗa masa buzu, suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya yi mata bayani dalla-dalla. Ta saurara kanta a sunkuye.

"Allah ya gafarta Malam, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, ban isa in yi musu da ilimi ba. Tambaya ɗaya nake da ita. In na wanke guda ɗaya tas na zuba maka ruwan sanyi a ciki, za ka ɗaga ta ka sha a ƙofar masallaci?"

Liman ya shafa gemunsa ya yi dariya har kafaɗunsa suna rawa. Da na raka shi waje ya dafa ni.

"Malam Ɗanlami, littafi yana tare da kai, amma uwa ba ta tare da kai. Ka zaɓi wanda za ka iya kwana ba shi."

Washegari na tattara kwalaben duka na ba wata mai sayar da kananzir kyauta. Na hau mota zuwa Anacha wajen surukina, kakanku na wajen uwa, wanda iyayensa suka daɗe suna kasuwanci a can. Na gaya masa ina neman ma'aunin da ba kwalba ba. Ya ce in dai ruwa-ruwa ne, awon da gwamnati ta sani shi ne lita, da shi ake sayar da fetur, da shi asibiti suke auna magani, kuma litar Anacha ita ce litar Kano, ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. Wannan magana ta yi mini daɗi, don kun san yadda addini ya tsananta a kan cika awo. Ya kai ni wajen wani mai sayar da kayan alminiyam, na sayi gwangwanayen awo guda huɗu masu mariƙi, wani yana shiga cikin wani. An buga musu lambobi na boko a jiki, ni kuwa boko ba ta taɓa haɗa hanya da ni ba. Mai kayan ya ce babban yana cin lita guda, mai bi masa rabin lita. Ƙananan biyun ban ma tambaya ba, na ɗauka na masu sayar da turare ne. Da na dawo na jefa su cikin akwatin da ke ƙarƙashin teburina.

Na jera manyan biyun a gaban Inna suna ƙyalli, na ce to Alhamdulillahi, a zubo mata tuwo. Ta ɗauki babban ta ƙwanƙwasa shi da farce, ta ce ya yi kyau.

"Amma shinkafar da ke ɗakin nan da wane ciniki aka sayo ta?"

"Inna, ai an riga an saya."

"To ku ci abinku, Allah ya sa albarka. Ni zan jira cinikin gwangwani."

Asabe ta juya baya tana goge ido, na rasa ko dariya take ko kuka. Daga baya ta ce duka biyun ne.

Tun daga ranar Inna take bina rumfa da tabarmarta da carbinta, wai tana so ta ga cinikin da idonta. Ciniki kuwa ya ƙi zuwa. Matan suna zuwa da kwalabensu kamar kullum su ce kwalba ɗaya. In na zuba rabin lita, man ya tsaya a ƙasan kafaɗar kwalba, su ɗaga a rana su ga fili a sama, su ce Malam ya fara cuta. In na ce to su sayi lita, kwalba ta cika ta tumbatsa, ga saura a gwangwani ba inda za a zuba, kuma kuɗin ya fi abin da suka fito da shi. Na yi bayani da Hausa, na yi da ɗan Turancin kasuwa da na iya, na yi da hannu. Su juye mini maina su wuce rumfar maƙwabcina Emeka, wanda kwalabensa suke nan a jere. Shi kuma ya riƙa leƙowa yana tambayata ko na buɗe gidan mai ne, ya kawo mashin ɗinsa in zuba masa. Daga bakinsa sunan Malam Lita ya fito, kafin a jima har masu okada sun ɗauka.

Garin gero kuwa yana ta sauka. Kullum da safe sai na saci kallon buhun, in ga bakinsa ya ƙara lanƙwashewa. Asabe ta taɓa tunanin ta sayo gero a kasuwa ta riƙa ƙarawa a ɓoye, na ce kada ta soma, Inna ta san garinta kamar yadda ta san 'ya'yanta.

Abokina Sale mahauci, mutumin Gusau, da ya ji halin da nake ciki ya ce in bar masa. Ya zo rumfa da sabuwar jarka, ya yi kamar bai san ni sosai ba, ya ɗaga murya ya ce a ba shi lita guda. Na ɗauki gwangwani cike da murna. Inna ta dakatar da carbi.

"Sannu, yaro. Iyalinka suna garin nan?"

"Suna Gusau, Inna."

"Wa yake dafa maka?"

"A wajen mai tuwo nake ci."

"To man fa?"

Sale ya dube ni, ya dubi sama.

"Shafawa zan yi, Inna. Ƙafata tana kaushi."

"Lita guda? Allah ya ba ka lafiya, wannan ƙafa ta raƙumi ce. Ɗanlami, mayar masa da kuɗinsa. Wannan zumunci ne, Allah ya saka masa, amma ba ciniki ba ne."

Sale ya tafi da jarkarsa yana dariya har yana tuntuɓe. Ni ma na yi dariya, amma a ranar ne na ji Inna tana tambayar Asabe wace rana motocin shanu suke komawa arewa. Ba zan ɓoye muku ba, hankalina ya tashi. Garewanin mai cike, aljihu ba shiga, uwa tana ɗaure kaya. Na yi ta addu'a a sujada ina cewa ya Allah, ni dai na bar abu don in faranta wa mahaifiyata, Kai ka san yadda za ka yi da sauran.

Mafita ta zo da tsakar rana, a hannun wata mai suyar ƙosai da ake kira Mama Chinyere. Tsohuwar mai sayen maina ce, ita ma ta gudu tare da sauran. Sai ga ta ta dawo tana faɗa tun daga nesa. Man da ta koma saye yana kumfa a kasko, masu cin ƙosanta sun fara ƙorafi, ita man Ɗanbatta take so, amma ba za ta yarda da rabin kwalba ba. Ta dangwarar da kwalbarta a kan teburina, ta riƙe ƙugu. Daidai lokacin Asabe ta iso da abincin ranata. Kun san mahaifiyarku haifaffiyar Anacha ce, Inyamuranci a bakinta kamar Hausa, kuma ta yi firamare. Ta ɗauki kwalbar don ta lallashi matar, tana juya ta a hannu suna magana, sai babban yatsanta ya ji wani rubutu da ya ɗan taso a gindin gilashin. Ta kai ido.

"Malam, ka san an rubuta awon kwalbar nan a jikinta?"

"Me aka rubuta?"

"Sittin. Miƙo mini gwangwanayenka."

Ta duba babban ta ce ɗari. Ta duba na biyu ta ce hamsin. Ta ce lita kamar naira take, kobo ɗari ne a cikinta, su kuma kobon lita ana ce musu santilita. Kwalba tana cin sittin, ni kuma ina ta ba mutane hamsin ko ɗari, ta yaya za a daidaita?

"Ba su da ƙanne ne, waɗannan gwangwanayen?"

Na durƙusa na jawo akwati, na fito da ƙananan biyun duk ƙura. Ɗaya ashirin, ɗaya goma. Asabe ta ɗauraye ɗan gwangwanin mai cin goma, ta miƙo mini, ta ce in zuba rabin lita in bi shi da wannan.

Na ce bismillahi, na ɗora mazurari. Rabin lita ya tsaya a inda ya saba tsayawa, Mama Chinyere ta buɗe baki za ta fara. Na cika ɗan ƙaramin na bi da shi. Man ya hau a hankali, ya wuce kafaɗa, ya shiga wuya, ya tsaya cak a inda matan nan suke ɗora yatsa. Ta ɗaga kwalbar a rana ta duba ta wannan gefe, ta duba ta wancan. Ta ajiye. Ta ce in juye in sake a gabanta. Na juye na sake, ya tsaya a wuri ɗaya. Ta kira Emeka ya zo ya gani, shi ma ya sa na sake.

Ni duk wannan hankalina yana kan tabarma. Kwalbar da ke kan teburina koriya ce, Inna kuma tana kallonta. Na ce a raina yanzu za ta ce wannan ma bai yi ba.

"Inna, kwalbar fa?"

"Taka ce?"

"Tata ce."

"Da me ka auna?"

"Da gwangwani."

"To abin da ta ɗauko daga gidanta tsakaninta da Ubangijinta ne. Karɓi kuɗinka."

Mama Chinyere ta kwance bakin zaninta ta biya, sannan ta tsaya ba ta tafi ba, ta ce saura jara. Wannan kalma ɗaya Inna ta gane a duk maganar da aka yi, don kalmarmu ce ta gyara suka ara. Ta miƙe da kanta, ta ɗebo mai a ɗan gwangwanin, ta ga ba wuri a kwalba, ta kwance ƙoƙon da take shan kunu da shi ta zuba a ciki ta miƙa mata, ta yi mata alama da hannu cewa ta dawo da ƙoƙon gobe. Matar ta rusuna ta ce mata Mama. Ta dawo da ƙoƙon kuwa, cike da ƙosai, tare da mata biyu masu kwalabe.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya koma yadda yake. Wasu masu sayen ba su taɓa dawowa ba, sun ce ba su da lokacin tsayawa ana zuba mai sau biyu. Shekarar nan ba mu yi ɗinkin salla ba, akuyar da nake kiwo ma sai da ta tafi. Na taɓa kawo shawarar in sa maƙeri ya yi mini gwangwani ɗaya mai cin sittin daidai don aikin ya yi sauri, Inna ta ce wannan ai kwalbar ce ta sa riga. Na haƙura. Shekara da shekaru ina zuba hamsin in bi da goma, har wuyan hannuna ya saba, kuma a hankali masu abincin sayarwa suka fara zuwa da jarkoki suna neman lita biyar, lita goma, don sun ga awona ba ya canzawa.

Amma bari in koma ranar. Kuɗin Mama Chinyere bai shiga aljihuna ba. Daga hannunta ya wuce hannun Asabe, Inna tana kallo, Asabe ta nufi cikin kasuwa kai tsaye. Abin da ya iya saya kaɗan ne: 'yar shinkafa, da ganyen ugu, da kan busasshen kifi. Ta wanke tukunya sau biyu ta dafa shi daban. Bayan magariba aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka ajiye wa Inna ɗan kwano. Mu duka muka zauna, ba wanda ya taɓa nasa abincin. Sale ya zo, wai wucewa yake. Matar maƙwabcinmu ta tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu.

Inna ta wanke hannu. Ta buɗe kwano ta daɗe tana duban miyar, don ba ta taɓa ganin ganyen ugu ba. Ta yi bismilla, ta gutsuri tuwo, ta dangwala, ta kai baki. Ta tauna a hankali, idonta a rufe. Na ji kamar in tambaye ta, Asabe ta taka mini ƙafa.

Ta haɗiye. Ta buɗe ido ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Ku kuma lafiya kuka zuba mini ido kamar ba ku taɓa ganin tsohuwa tana cin tuwo ba? 'Yar nan, gishiri bai ji ba. In da saura a tukunya, ƙaro mini."

Ta zauna da mu har bayan babbar salla. Allah ya haskaka kabarinta, ya ciyar da ita daga abincin Aljanna, ku ce amin.